Hayar mota a Saudiyya da Dubai da lasisin Najeriya, da maganar yaron da ke tuƙi a Ingila

Wani bawan Allah ya turo tambaya yace zai tafi Umra da iyalinsa, shi da uwargida da yara da mahaifiyarsa, daga can su wuce Dubai suyi mako guda, kuma yana so ya ɗauki hayar mota ya riƙa tuƙa su da kansa saboda Hajiya bata iya doguwar tafiya a ƙasa. Lasisin Najeriya ne dashi. Yana tambaya ko ya isa ko sai yayi na ƙasa da ƙasa, don wani ya nuna masa wani shafi a intanet da ake yin na shekara 10 a turo maka ta waya cikin minti kaɗan. Ya haɗa da maganar ɗansa da ke karatu a Ingila, ya sayi mota yana tuƙawa da lasisin gida yau shekara ɗaya da rabi.

Toh Alhaji, Allah ya karɓi ibada, Allah ya saka da alheri da wannan hidima da kake wa mahaifiya. Amma zan fara da maganar yaron ne don ita tafi gaggawa. Ka kira shi yau ɗin nan kace ya ajiye motar nan. Dokar Ingila ta yarda mutum ya tuƙa ƙaramar mota da lasisin ƙasarsa na tsawon wata 12 ne kawai daga lokacin da ya zama mazaunin ƙasar, bayan nan lasisin Najeriya bai da wani amfani a titinsu ko da bai ƙare ba, ko da sabo ne dal. Kuma zuwa hutu gida ya dawo baya sa lissafin ya koma farko, wannan ita ce ƙaryar da yaranmu ke yawan gaya wa junansu a can. Lasisin ƙasa da ƙasa ma baya ƙara masa ko kwana ɗaya. Hukumar lasisinsu DVLA tana da jerin ƙasashen da take musanya wa lasisi kai tsaye ba tare da jarabawa ba, akwai Afirka ta Kudu da Zimbabwe da Kanada da Ostireliya da Japan a ciki, amma Najeriya bata ciki. Don haka hanyar ɗaya ce, ya nemi lasisin ɗan koyo, ya zauna jarabawar kwamfuta mai tambaya 50 da ake buƙatar ya ci 43, tare da ɓangaren bidiyo da ake gwada ko kana hango haɗari kafin ya iso, sannan yayi jarabawar tuƙi a titi da jami'i a gefensa. Layin jarabawar titin nan yana da tsawo sosai, a manyan birane sai kayi watanni kana jira, shi yasa mai hankali yake fara nema tun kafin wata 12 ɗin ya cika. Kafin ya ci, da lasisin koyo bazai tuƙa shi kaɗai ba, sai da alamar L a jikin mota da kuma wani a gefensa wanda ya wuce shekara 21 kuma ya shekara 3 da cikakken lasisi. Sannan in ya ci jarabawar da mota otomatik, otomatik ɗin kawai aka yarje masa, bazai taɓa mai giya ba.

Abinda yasa na ɗaga murya akan wannan ba tarar 'yan sanda bace kaɗai, duk da itama ba ƙarama bace, don tuƙi ba inshora a can fam 300 ne da maki 6 a lasisi kuma suna iya ƙwace motar. Babbar matsalar ita ce ranar da tsautsayi ya faru. Kamfanin inshora zai duba ya ga lasisin ya daina aiki tun wata shida da suka wuce, sai ya nemi hanyar janye jikinsa ko ya biya wanda aka buge sannan ya dawo kan yaron ya nemi kuɗinsa, kuma in mutum ne ya ji rauni kuɗin da ake magana akai ba irin wanda ake haɗawa a dangi bane. Ga kuma maganar biza, duk abinda ya kai ka gaban kotu a can sai ka faɗe shi ranar sabunta takardu. Yaro yaje neman ilimi kada mota ta ɓata masa komai.

Yanzu mu dawo kanka. Abinda nake so ka riƙe shine ƙofa uku zaka wuce ba ɗaya ba, kuma kowacce da mai gadinta. Akwai dokar ƙasar da kaje, wato abinda ɗan sandan hanya zai nema. Akwai ƙa'idar kamfanin haya, wadda sau da yawa tafi ta gwamnati tsauri. Akwai kuma sharaɗin inshora, wanda ba wanda zai tambaye ka shi sai ranar da abu ya lalace. Mutanenmu suna ganin tunda yaron da ke kantar kamfanin haya ya miƙo makulli shikenan komai ya halatta, alhali yaron nan kwamishon yake nema, kuma ba shi zai tsaya maka ba in aka yi karo.

Shi wannan lasisin ƙasa da ƙasa da ake ta magana, a gaskiya ba lasisi bane mai cin gashin kansa. Ɗan littafi ne mai ruwan toka da hotonka a ciki, an fassara bayanan lasisinka na gida zuwa harsuna da yawa, har da Larabci da Faransanci da Rashanci, don jami'in da baya jin Turanci ya gane ajin motar da aka yarda ka tuƙa. In babu ainihin katin lasisinka a tare dashi toh takarda ce kawai. Asalinsa yarjejeniyoyi ne tsakanin ƙasashe, akwai ta Paris ta 1926 wadda kusan an daina amfani da ita, akwai ta Geneva ta 1949 wadda littafinta shekara 1 yake yi, sai ta Vienna ta 1968 wadda nata ke kaiwa shekara 3 ko zuwa ranar da lasisin gida ya ƙare, duk wanda ya riga zuwa. Najeriya ta shiga ta 1949 da ta 1968 duka. Kaga kenan daga nan ma ka gane matsayin wancan na shekara 10 ɗin, babu wata yarjejeniya a duniya da ta san dashi. Kuma ƙa'ida ce cewa ƙasar da ta baka lasisi ita ce zata baka littafin, ba wani kamfani da ke zaune a wata nahiya ba wanda bai taɓa ganin fuskarka ba. Suna yi masa ado da tambari da launin zinari da hoton duniya, wani lokaci ma ƙaramin kamfanin haya ya karɓa don bai damu ba, amma a hannun ɗan sanda da ya san aikinsa zai iya zama laifin gabatar da takardar bogi, wanda yafi rashin takardar muni nesa ba kusa ba. Ka taka da ƙafarka kaje ofishin Hukumar Kiyaye Haɗurra FRSC ko na VIO a jiharka kace na ƙasa da ƙasa kake so su nuna maka hanya, ka tafi da lasisi da fasfo da hotuna, kuma kayi tun da sauran lokaci don ba'a yinsa bayan ka fita daga ƙasa.

Kafin ma wannan, ka ɗauko lasisin naka ka dube shi da kyau. Na farko, na gaskiya ne? Kada kaji haushin tambayar, mutane da yawa masu mutunci suna yawo da lasisin da ejan yayi musu, sun bada kuɗi da hoto an kawo musu kati gida, basu taɓa zuwa an ɗauki hoton yatsunsu ba, kuma in aka saka lambar a kwamfutar hukuma babu ita. In kai baka je da kanka an ɗauke ka hoto da zanen yatsa ba toh akwai alamar tambaya, ana iya duba lambar a shafin hukumar, ka duba. Na biyu, katin roba ne ko takardar wucin gadi ta kwana 60 da ake bayarwa kafin kati ya fito? Ita wannan takardar a gida take aiki, kamfanin haya a waje bazai kalle ta ba. Hoton lasisi a waya ko fotokwafi suma haka. Na uku kuma, wanda yafi kama mutanenmu, suna. Fasfo yace Muhammad, lasisi yace Mohammed, katin banki yace Muhammadu, wani ya sa sunan gari a matsayin sunan ƙarshe a wata takarda a wata kuma ya sa sunan mahaifi, ranar haihuwa ma ta sha bamban. Mu a wurinmu duk mutum ɗaya ne, amma ma'aikacin da ke kanta a filin jirgi da ƙarfe biyun dare ba ruwansa, in abinda ke gabansa bai dace ba zai ce kayi haƙuri, kuɗin da ka biya tun daga gida kuma dawo dashi sai an sha fama. In akwai bambanci mai yawa ka gyara lasisin ya bi fasfo kafin tafiya.

Sai ranar da aka bada lasisin. Yawancin kamfanoni suna so ace ka shekara 1 aƙalla kana riƙe dashi, wasu 2 in babbar mota ce. Wanda ya shekara ashirin yana tuƙi amma ya sabunta watan jiya zai iya samun matsala in sabuwar ranar suka kalla, don haka in tsohon katin yana nan ka jefa shi a jaka, yana kashe gardama. Shekarun haihuwa ba matsalarka bace, amma don masu karantawa, akasari 21 ne mafi ƙanƙanta, kuma wanda bai kai 25 ba ana ƙara masa kuɗi kullum.

A Saudiyya baƙo mai ziyara yana iya tuƙi da lasisin ƙasa da ƙasa ko na ƙasarsa mai aiki har zuwa shekara 1 daga ranar shigowa ko ranar da lasisin ya ƙare. Wanda yake da igama kuwa lissafinsa daban, shi na Saudiyya ake so ya nema. Shawarata ka riƙe duka biyun, katin gida da littafin, don shi littafin akwai Larabci a ciki kuma yana rage doguwar magana a shingen bincike. Kamfanonin haya suna duba fasfo da irin bizar da ka shigo da ita, kuma ba dukansu ke da tsari iri ɗaya ba, saboda haka tun kana gida ka tura wa reshen da zaka ɗauki motar saƙo, ka faɗi irin bizarka da irin lasisinka, su amsa maka a rubuce, ka adana amsar. Reshen nake cewa fa, ba babban ofishi ba, don mutumin da ke reshen shi zai baka makulli. In tafiyar ta matso kusa da lokacin aikin Hajji kuma ka manta da maganar shiga Makka da motar haya, ana rufe hanyoyin ga duk motar da bata da izini na musamman. Uwargida ma in tana da lasisi zata iya tuƙi, tun watan Yunin 2018 aka buɗe wa mata, amma sai an rubuta sunanta a takardar hayar a matsayin direba na biyu. Wannan ƙa'idar ta ko'ina ce, duk wanda ya zauna a sitiyari sunansa baya cikin takarda toh babu inshora a kansa, ko minti biyar ne, ko ɗan'uwanka ne mazaunin Jidda da yafi ka sanin hanya.

Amma bari in gaya maka ra'ayina tsakani da Allah, a cikin Makka mota wahala zata ƙara maka. Kewayen Harami babu wurin ajiye mota na kirki, ana toshe hanyoyi lokutan sallah, ga ramukan ƙarƙashin duwatsu da in ka kuskure mafita ɗaya sai ka tsinci kanka a wata unguwa, kai da kaje ibada sai ka ƙare kana zagaye kana neman fakin jam'i yana wuce ka. Kuɗin hayar kwanakin Makka gara ka ƙara akan masauki mafi kusa da Harami ka samar wa Hajiya keken guragu, zata fi jin daɗi. Tsakanin Makka da Madina kusan kilomita 450 ne, ga jirgin ƙasan Haramain da aka buɗe a 2018 yana cinye tafiyar cikin kamar awa biyu da rabi, mota kuwa sai ka haura awa huɗu a miƙaƙƙen titi cikin sahara wanda ke sa barci, musamman ga wanda ya kwana yana ɗawafi. Inda mota take da daɗi shine Madina, garin a shimfiɗe yake, kuje Ƙuba kuje Uhudu kuje Ƙiblataini a lokacin da kuke so, ko kuma fita zuwa Ɗa'if, duk da hanyar dutsen Al Hada tana da kwana-kwana masu kaifi sai mai natsuwa. In kuma ka zaɓi tuƙawa daga Madina zuwa Makka, amfaninsa ɗaya shine zaku tsaya a miƙatin Zul Hulaifa kuyi harama a tsanake ba direban da ke muku hon.

Kyamarorinsu kuma basa wasa. Tsarin ana ce masa Saher, yana kama gudu, tsallake jar danja, rashin ɗaura bel da riƙe waya a hannu, ba wanda zai tsayar dakai balle ka bashi haƙuri, tarar zata je kan lambar mota kamfani ya cire a katinka. In an yi karo kada ka sasanta da mutum a bakin titi irin yadda muka saba, a kira Najm, su ne ke zuwa su rubuta rahoton haɗarin motocin da ke da inshora su raba laifi, in akwai rauni kuma 'yan sandan hanya. Babu wannan rahoton, gyara a wuyanka yake ko da kai aka buga.

Dubai ta fi sauƙin fahimta. Suna da jerin ƙasashen da baƙinsu ke haya da lasisin gida kawai, ƙasashen yankin Gulf da yawancin Turai da Amurka da ire-irensu, mai lasisin Najeriya kuwa ya shirya nuna littafin ƙasa da ƙasa tare da katin, da fasfo da bizar yawon buɗe ido. Kuma da zarar mutum ya koma bizar zama toh littafin ya daina masa aiki, sai yayi lasisin Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, wato ƙasar da Dubai ke ciki, wannan ya kama 'yan kasuwarmu da yawa da suka buɗe kamfani a can suka cigaba da tuƙi kamar da. Kuɗin titi sunansa Salik, babu shinge babu tsayawa, kana wucewa ƙarƙashin ƙarfen yana cirewa, kamfanin haya ya tara maka lissafi ya ɗora nasa ladan akai, Abu Dhabi kuma nata sunansa Darb. Ga wani abu da ke cin kuɗin baƙi, a Dubai an saba kyamara bata kamawa sai ka haura abinda ke allo da kilomita 20, amma Abu Dhabi ta cire wannan rangwamen tun 2018, abinda ke allon shine iyaka. Mutum ya taso daga Dubai zuwa Masallacin Sheikh Zayed na Abu Dhabi da ƙafarsa akan totur yadda ya saba, yana tsallaka iyaka kyamarori suna ta ɗaukarsa bai sani ba. Ni dai nace ka bi allo a ko'ina ka huta. Layin hagu na masu gudu ne, in kaga ana maka walƙiya da fitila daga baya ka koma dama ba gardama, kuma don Allah kada ka ɗaga wa kowa hannu cikin fushi ko ka zagi wani, a can laifi ne da ake kai mutum kotu akai. Ko ƙwarzane aka yi wa motar a fakin sai ka samu rahoton 'yan sanda, ana yi ta manhajar waya, don gareji bazai taɓa ta ba sai dashi. Kada kuma ka tsallaka da ita Oman ba tare da rubutaccen izinin kamfani da inshorar can ba.

Yanzu ga inda yawancin 'yan Najeriya ke faɗuwa, kuma ba lasisi bane, kati ne. Kamfanin haya yana riƙe wasu kuɗi a katinka a matsayin jingina har ka dawo da mota, kuma manyan kamfanoni kiredit kad suke so, wato katin bashi na banki, mai ɗauke da sunan direban da kansa, ba na matarsa ba ba na abokinsa ba. Mu kuma abinda ke aljihunmu akasari katin cire kuɗi ne, ko na naira wanda bankuna ke sa masa iyaka a waje yau su buɗe gobe su rage, ko na asusun dala. Wasu kamfanonin suna karɓar irin wannan amma da sharaɗi, su riƙe kuɗi mai yawa ko su tilasta maka sayen cikakkiyar inshorarsu, kuma da katin cire kuɗi ainihin kuɗinka ne ke fita daga asusu, dawowarsa kan ɗauki makonni, a Dubai ma da gangan suke jinkirtawa don su ga ko wata tara zata shigo. Katin da babu shi a hannu sai lamba a cikin waya kuwa kada ma ka dogara dashi. Wannan itama tambaya ce da zaka sa cikin saƙon da zaka tura wa reshe, wane kati kuke karɓa, nawa zaku riƙe, yaushe zaku saki. Akwai ƙananan kamfanoni a unguwanni irin Deira da zasu ce ka kawo tsabar kuɗi, wasu har suce ka bar fasfo a wurinsu. Fasfo dai kada ka bari a hannun kowa, ko me suka ce.

Inshora kuma ka zauna ka karanta ko da layi yana bayanka. Farashin da ka gani mai arha a intanet yawanci ya ƙunshi ta dole ce kawai, wadda ke biyan wanda ka buga, sai wata da ke rage maka nauyin lalacewar motar amma ta bar maka wani kaso da zaka biya daga aljihu kafin su su fara biya. Wannan kason shi zaka tambaya, nawa ne, don zai iya fin kuɗin hayar gaba ɗaya sau da yawa. Taya da gilashi da ƙasan mota da ɓatan makulli galibi basa ciki. Shiga rairayi da motar da ba'a yarje ba yana soke komai, don haka in yara sun matsa sai anje sahara ku bi masu kai mutane. Ga mai tafiya da iyali a ƙasar da bai saba da titinta ba ni ina ganin biyan ƙarin nan da ke sauke kason zuwa sifili ba asara bace, kwanciyar hankali ka saya. In kuma ka sayi inshorar a wani shafi daban ba wurin kamfanin ba, ka sani kamfanin zai cire kuɗinsa a katinka tukuna, kai kuma kabi waɗancan su mayar maka.

Ranar karɓar mota kada gajiya ta sa ka sa hannu ka wuce. Kunna kyamarar waya ka zagaye ta a hankali, bamba gaba da baya, madubai, ƙafafun taya, rufi, gilashi, kujeru, ka ɗauki allon da ke nuna mai da kilomita, duk tabon da ka gani ka sa ma'aikaci ya rubuta. Ka tambaya fetur take sha ko dizal. Ka zaɓi tsarin karɓa da ful tanki ka mayar da ful tanki, ka riƙe rasit ɗin gidan man ƙarshe. Ka duba ko akwai iyakar kilomita a rana, don tafiya irin ta Madina zata iya haurawa. Ku shida ne ko bakwai ga akwatuna ga keken Hajiya ga jarkokin zamzam, ƙaramar mota bazata ɗauke ku ba, kuma cusa yara huɗu a baya ko ɗora ƙarami a cinya a gaba laifi ne a duka ƙasashen biyu, ka nemi mai kujera bakwai ka kuma nemi kujerar yara tun wajen yin bukin.

Tunda wasu zasu karanta da niyyar wasu ƙasashen, bari in taɓa kaɗan. 'Yan kasuwar Guwanzu ku sani Sin bata amincewa da littafin ƙasa da ƙasa sam, sai izinin wucin gadi daga hukumarsu. Japan na 1949 kaɗai take karɓa. Turkiyya da Jamus wata 6 suke ba lasisin waje, ita Jamus daga ranar da ka zama mazauni. Italiya da Sifen suna neman littafin ko fassarar hukuma, kuma a Italiya tsakiyar tsofaffin birane akwai wuraren da aka taƙaita shigar mota aka rubuta ZTL, ka shiga kyamara ta ɗauke ka tara ta biyo ka. Amurka kowace jiha da dokarta. Afirka ta Kudu tana karɓar lasisin da ke cikin Turanci mai hoto da sa hannu, amma a hagu suke tuƙi kamar Ingila da Kenya da Indiya da Malesiya, mu kuma tun 1972 muka koma dama, don haka hannunka da idonka duk sun saba da akasin haka, wurin shiga shataletale da fitowa daga gidan mai nan ne ake mantawa. A irin waɗannan ƙasashen ka nemi otomatik don kada ka haɗa canza giya da hannun hagu da neman hanya lokaci guda, kuma a Turai in baka faɗa ba mai giya zasu baka. A Ingila da Amurka lambar da ke allo mil ce, mil 70 na babbar hanyar Ingila kusan kilomita 113 kenan.

Ranar mayar da mota ka je da wuri, a lokacin da ma'aikata ke nan, kada ka jefa makulli a akwati ka ruga jirgi. Ka tsaya a duba ta a gabanka, ka sake ɗaukar bidiyo, su baka takardar rufe haya da ke nuna babu sabon lahani da adadin man da ke ciki. Bayan ka dawo gida ka bar katin nan a buɗe da ɗan kuɗi a ciki na wata ɗaya ko biyu kana duba saƙon banki, in kaga an cire wani abu ka nemi su turo maka kwafin tarar mai ɗauke da rana da lokaci da lambar mota ka gwada da takardarka. In tarar gaskiya ce ka biya kada ka share, don bashin da ka bari a ƙasashen nan yana iya jiranka ranar da ka sake komawa.